Titin jirgi ya raba mu da maƙabarta

"Jirgi zai tsaya a ƙauyenku, kuma za a bar muku hanyar wucewa." Kai ka faɗa da bakinka, ranka ya daɗe wakilinmu, ranar da aka zo auna gonakinmu a bayan Kazaure.

Jiya Allah ya yi wa Gwaggo Rabi, yayar mahaifina, rasuwa. Maƙabartarmu tana ƙetaren tudun da aka tara wa titin jirgi, wurin da a da muke hangowa daga ƙofar gida. Sai da maza suka zagaya da makara har kwalbati, suka ratsa ruwa iya ƙugu. Ƙaninta Baffa Sule, da ƙafa ta ƙi, a gindin tudun ya zauna har aka rufe ta.

Da na kai masa ruwa na ce, "Baffa, wai kamfani za a bai wa jirgin, shi kuwa ba ya tsayawa inda babu riba."

Ya ce, "Hajara, ni na daina roƙon tasha. Gwamnati ce ko kamfani, su bar mini ƙofar da za a wuce da ni."

Da na kai kuka ma'aikatar sufuri, ta ce in tambayi kamfanin da ke gina titin, kamfani ya ce zanen gwamnati ne. To, ranka ya daɗe, ka ba mu amsa kafin addu'ar arba'in ɗin Gwaggo. In ba haka ba, mu matan da ba ma raka gawa, mu za mu ɗauko makarar nan mu ajiye a ƙofar ofishinka.

Ku da titin ya ratsa garinku, ta ina kuke wucewa da naku?