Ranar da Habibu Ya Koma Yi Min Tsiya

Assalamu alaikum. Masu turo saƙo wai na yi kuɗi na daina kula mutane, ku yi haƙuri. Ba kuɗi na yi ba, kwanciya na yi. Yanzu da yatsuna suka yarda su riƙe waya, ga labarin.

Wanda ya san gidanmu a Madabo ya san mota ba ta shiga lungunmu. Mai zuwa zance a bakin titi yake ajiye ta ya tako, in ya tashi tafiya a taka masa har can. Haka nake yi wa Habibu, wanda aka sa mana rana da shi, ƙaramin hafsan soja mai anini biyu. Tunda muka haɗu bai taɓa tafiya bai yi min tsiya ba: zoɓona ya cika citta, tafiyata ta hawainiya ce. Ni ma ba na raga masa.

Wata Asabar bayan la'asar ina yi masa rakiya, silifas ya zame daga ƙafata, na ci gaba da tafiya ban sani ba. Ya ɗauko yana dariya.

"Malama, takalmin ma ya gaji da jiranki, ya ajiye aiki."

Ni ma na yi dariya, alhali tun safe nake jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafata.

Kafin Asabar ta zagayo, ƙafafuna sun daina ɗaukata. Abin ya hau gwiwa, ya kai hannu, har cokali ya gagare ni. Inna ta ce iska ce, a kira malam. Baba ya ce malam ya same mu a asibiti.

An ɗebi jini, an ɗebi ruwa a gadon bayana, an jona min wayoyi a ƙafa ana gwada jijiyoyi. Likitar ta ce sunan ciwon GBS. "Garkuwar jikinki ce ta rikice take yaƙar jijiyoyinki. Tsoronmu kada ya kai numfashi." Kullum sai an ba ni wani bututu na hura. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Maganin kuwa, sai da Baba ya aika ruga aka sayar da shanu.

Bai kai numfashin ba. Alhamdu lillahi.

Aka sallamo ni a keken guragu, aka shiga zaryar gashin ƙashi. 'Yan dubiya suka cika gida da lemo da "Allah sarki". Wata har ta tambayi Inna ƙasa-ƙasa, a gabana, ko yaron yana nan a kan bakansa.

Yana nan. Duk hutun da ya samu daga bariki a zaurenmu yake ƙare shi. Sai dai ba Habibun da na sani ba ne. Sannu a farkon magana, sannu a ƙarshe. Ya daina tsokanata, ko atishawa na yi sai ya miƙe tsaye.

Wannan ya fi ciwon ci min rai. Ina son sa, amma ba zan zauna da mutumin da ya aure ni don kada a ce ya gudu ba.

Da hannuna ya fara aiki, na haɗa masa zoɓo, na zabga citta da gangan, ban sa sukari ba. Ya kurɓa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ya yi daɗi. Sannu da ƙoƙari."

Na ce, "Habibu, in tausayina kake ji, wallahi na yafe maka alkawarin. Masu jinya ina da su. Gobe ma Baba zai iya mayar muku da kayanku."

Ya ajiye kofin, ya ce, "Ranar nan ciwo ne ya cire miki takalmi, ni kuma na tsaya ina dariya. Da a ranar na kai ki asibiti fa? Da abin nake kwana, da shi nake tashi."

"To ai ni ma dariyar na yi. Likita ta ce ba wanda ya jawo min. Ni dai ka dawo min da mutumina. In kuma babu shi, ka gaya min."

Ya tashi ya tafi. Bayan nan sannun ta ragu, amma tsiyar ba ta dawo ba, ni kuma ban janye maganata ba.

Na tashi daga keke na koma ƙarfen dogarawa, daga shi sai sanda. Asabar ɗin da ta wuce na ce zan yi masa rakiya. Inna ta leƙo: "Ke Rumasa'u, kya iya kuwa?" Na ce in na faɗi ma ai ƙasar unguwarmu ce.

Muka kama hanya, in taka in huta. 'Yan Islamiyya suka wuce mu. Wata akuya ta wuce mu, ta dawo, ta sake wuce mu. Ina ganin Habibu yana cije leɓe, yana danne dariya. Daidai ƙofar masallaci ya duba agogo.

"Malama, a wannan tafiyar, kafin mu kai titi na zama janar har na yi ritaya."

Jama'a, na jingina da bango ina dariya har da hawaye. Tunda na kwanta ban ji magana mai daɗin wannan ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da Baba, da likitoci da nas-nas, da masu gashin ƙashin da na sha yi wa kuka. In kun ji ƙafa tana mutuwa, abin yana hawa sama, kada ku jira gobe, ku tafi asibiti. In kuma kun je dubiya, ku tafi da hirar da kuka saba yi da mutum, har da tsokanar. Ƙafarsa ce ta kwanta, shi yana nan.

Af, na kai shi har bakin titi. Da zai shiga mota ya juyo ya ce zoɓon ranar nan, ko a bariki ba a yi wa mutum irin wannan horon.

Biki yana nan bayan Sallah, in sha Allahu. Cittar ni zan zuba.