Na kauce ma shinkafa, na hau dutse

Salamu alaikum jama'a. Wata bakwai ban ce uffan ba a nan. Masu cewa na samu duniya na manta da mutane, ku yi haƙuri, kwance nike.

Ranar kasuwar Goronyo ce. Na taso daga Kagara bisa babur, na makara, ina ta murɗa wuta kamar an biyo ni. Kada ku tambaye ni gudun nawa, allurar mitar babur ɗin ta daɗe da mutuwa.

Kun san halinmu in an yi girbi: mu shanya shinkafa bisa kwalta, mu jera duwatsu kada mota ta taka. Ina shan kwana sai ga shanya ta ci rabin hanya. A gudun nan birki bai da amfani. Wallahi abin da ya zo mini a rai shi ne, ba a taka abinci. Na kauce ma shinkafa, na hau dutse.

Ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa, ƙashi ya huda fata.

Kawuna ya ce asibiti yanke ƙafa kawai sunka iya, sai anka kai ni wurin mai ɗori. Kwana tara. Zazzaɓi, kumburi, ga wari. Matata Hadiza ce ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Kawu, ku yi mini aikin gafara. Ko ku kai shi Sakkwato, ko in nemo mota da kaina." Ban taɓa jin ta yi mashi musu ba sai ranar.

Anka kai ni asibitin Sakkwato. Likita na kwance ɗaurin ya ce, "Mi kunka tsaya jira?"

Hoton ƙashi, gwajin jini, ƙarin jini, wankin ciwo kowace safiya ina cizon zane. Ya ce in naman bai yi ja ba cikin kwana ukku, yankewa za a yi.

Na ji tsoro ƙwarai. Manomi ne ni. Da wace ƙafa zan shiga fadama?

Rana ta ukku ya buɗe, ya daɗe shina dubawa. Sannan ya ce, "Malam, ƙafarka ta tsira." Anka sa ƙarfe. Tumakina da albasar bana duk sun tafi a magani, ban yi baƙin ciki ba.

Alhamdu lillahi. Na gode ma likitoci, da abokan da sunka ba ni jini. Hadiza, Allah shi saka miki da Aljanna.

'Yan'uwa, ku rage wuta a kwana da bakin gari, kasuwa ba ta tashi don kun makara. In ƙashi ya fito waje, asibiti ranar nan, ko wa ya hana.

Shekaranjiya na fita da sanda, na iske shinkafar gidanmu shanye bisa kwalta, duwatsu jere. Haka ni ma nike yi kowace shekara, ban taɓa tuna mai babur ba.

Na sa anka kwashe ta zuwa tsakar gida. Duwatsun kuwa na ce a bar mini. Ɗaya-ɗaya na ture su da sandar, har anka kira azahar.