Gargaɗin da Ke Fitowa a Kwamfutar Labbo

Labbo Tamba mai buga tafireta ne a wata ma'aikata a Sakkwato, har aka ƙirƙiro jihar Kebbi aka dawo da su gida. Bayan 'yan shekaru ya ajiye aiki, ya buɗe shago a unguwar Nassarawa a Birnin Kebbi, ya sa kwamfuta. Shi ne na farko a layinsu. Malaman makaranta da masu neman katin biki duk wurinsa suke zuwa, har sunan Labbo Kwamfuta ya bi shi.

Zulkifli ɗan ƙanen mahaifinsa ne, kuma a hannunsa ya koyi buga rubutu. Da ya yi kwas a Kaduna ya dawo, sai ya buɗe nasa shagon a Argungu. Tun daga nan Labbo ya fara jin ana cewa na Argungu ya fi zamani. Yakan yi murmushi, amma maganar kan ci masa rai.

Wata rana Zulkifli ya zo da faifai, ya ce sabon tsarin kwamfuta ne, ya sa wa tasa, bari ya sa wa ta yayansa. Washegari da Labbo ya kunna, sai ga farin rubutu a baƙin allo da Turanci, wai an nemi wani fayil an rasa, a danna maɓalli a ci gaba. In ya danna, komai na aiki. Amma kullum sai rubutun ya fito, a gaban mutane.

"Da gangan yaron ga yay yi," ya ce wa matarsa Inno. "Mai kyau ya aje ma kai nai."

"To ka tambaye shi mana, Malam."

"Ni da nik koya mai?"

Bai tambaya ba. Sai dai ya yi sammako ya hau motar Argungu, ya isa daidai lokacin buɗe shago, ya ce gaisuwa ya zo. Zulkifli ya kunna tasa, rubutun nan ya fito sak. Ya danna maɓalli ba tare da ya ko duba ba.

"Kai ma tana yi maka haka?"

"Kullum, Yaya. Na rasa mi an nan, na bar ta."

Daɗi ya kama Labbo har ya ci tuwon shinkafa da kifi a gidansu. A mota kuma haushi ya dawo: abin da ya hana shi sakat, yaron ko a jikinsa.

Ya zauna wa matsalar makonni. A ƙarshe ya gane sunan fayil ɗin na wata tsohuwar manhajar firinta ne, irin wadda su biyun suka daina amfani da ita. Ya cire ta, gargaɗin ya ɓace. Bai gaya wa Zulkifli ba sai da Inno ta dame shi, kuma ranar kasuwa ya zaɓa ya koma Argungu, shagon Zulkifli cike da mutane. Ya gyara masa tasa a gabansu, yana yi a hankali don kowa ya gani.

Zulkifli ya miƙe da fara'a. "Kun gani? Yayana ne. Duk abin da nis sani wurinai nis samo."

Labbo ya nemi ɓacin rai a fuskarsa bai samu ba. Har ya iso Birnin Kebbi yana tunanin yadda mutanen suka yi ta yaba wa Zulkifli ladabi.