Dukan Baya

Kawuna bai taɓa son ƙasa ba. Innata takan ce tun yana yaro ba a nemansa a ɗaki, sai a kan bishiya, saboda haka babu wanda ya yi mamaki da ya zama mai hawa ƙarfen sabis na wani kamfanin waya. Abokan aikinsa Biri suke ce masa, shi kuwa har washe baki yake yi. In ya sauko sai ya cika mu da labari, wai daga can sama gidanmu kamar akwatin ashana yake, mu kuma da hayaniyarmu ba mu kai tururuwa ba.

Masu hawa suna da wata ƙa'ida tasu. Ba mai ɗora ƙafa a ƙarfe sai abokinsa ya jajja masa ɗamara, ya duba ƙugiyoyi, ya dube shi ido cikin ido, sannan ya ɗaka masa duka a baya. Dukan nan shi ne izini. Abokin Kawu wani ne da ake kira Gajere, mutum marar magana, wanda suka yi shekara da shekaru suna dukan bayan juna.

Da girma ya fara kama Kawu, sai jiri ya soma ɗibarsa. Ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa likita, amma ina zai ɓoye wa mai kallon idonsa kullum? Ana cikin haka kamfanin inshora ya turo wata mata ta ga yadda ake hawa, don sun ce ba za su ci gaba da ɗaukar nauyin haɗarin ma'aikata ba sai sun gani da idonsu.

Ran nan Kawu ya sha ɗamara, ya juya baya yana raha. Gajere ya ja nan, ya ja can, komai daidai. Sai ya zuba hannuwansa a aljihu.

"Buga mana," in ji Kawu.

"Yau ba zan buga ba."

Matar inshorar ta tambayi dalili, Gajere ya sunkuyar da kai kawai. Aka tura Kawu gwajin lafiya, daga nan bai sake hawa ba. Kamfani ya mai da shi gadin gindin ƙarfen, yana zaune a benci kusa da janareta yana ɗaga kai. Na tsani wucewa ta wurin, don tausayinsa har ciwo yake sa mini. Ya daina ba da labari. Ya haramta a ambaci Gajere a gidansa, in ma sun haɗu a hanya sai ya tsallaka titi.

Da ciwo ya kwantar da shi, Gajere ya zo dubiya. Ina zaune a bakin gado. Kawu na jin sallamarsa ya juya fuska bango, ya ba shi baya. Gajere ya daɗe a tsaye, takalmansa a hannu. Can ya matso, ya ɗora tafinsa a bayan nan da ya zama ƙashi zalla, ya buga a hankali.

Kawu bai juyo ba.

"Da ka buga ran nan, da na faɗo," in ji shi. "Tun daga gida nake ganin bibbiyu."

"Na sani."

"To, me ya hana ka zuwa tuntuni?"

Gajere ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ni kuwa na fita waje na bar su.