Duk Sun Ba Ta Biyar

Ki fara da ubanta, don in ba a san shi ba, ba za a gane abin da ya kai ta wannan karatu ba. Shekara ashirin da shida ya yi a kamfanin roba, a gaban injin da ke fitar da bokiti. Inji ya buɗe, ya sa hannu ya zaro bokiti da zafinsa, ya ajiye, inji ya rufe, ya sake buɗewa. Haka tun safe har la'asar. Kunnensa na hagu a can ya mutu, don shi ne ke kallon injin. In ya dawo gida sai ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafa, hannun dama yana ta motsi a kan gwiwa kamar har yanzu akwai abin da yake zarowa. Ba ya faɗa, ba ya duka, amma fa ba ya magana. Matarsa kan ce ita maza biyu take aure: na ranar hutu mai ba'a da dariya, da na sauran kwanaki, wanda ko gishiri ya kashe miya ba zai ce uffan ba.

'Yarsu ta uku ita ake ce wa Uwar Tambaya, don tun tana ƙarama ba ta barin magana ta wuce sai ta ji dalilinta. Da ta gama sakandare ita ma ta shiga kamfanin, ɓangaren mata, inda ake kankare bakin bokiti da reza a sa masa mariƙi. Shekara biyar ta yi, yatsun nan duk tabo. A nan ta lura ashe ba ubanta kaɗai ba ne. Mutum zai shigo sabo, bakinsa ba ya rufuwa don surutu, kafin wata shida sai ki ga ya yi shiru, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Abin ya tsaya mata a rai. Ta shiga karatun ƙarshen mako, ta yi digiri, ba ta tsaya ba ta nemi na biyu, a kan halayyar ɗan Adam, ɓangaren da ke duba ma'aikata a wurin aiki. Innarta ta rasa yadda za ta faɗa wa maƙwabta sunan karatun, sai ta riƙa cewa 'yarta likitar masu gajiya za ta zama.

Su huɗu ne a hannun malami ɗaya, wani farfesa mai kallon mutum ta saman tabarau. Ɗakinsu ƙarami, fanka ɗaya mai kukan ƙofa, teburi biyu, sai a yi ta karɓa-karɓa. Akwai wata da ta daɗe tana aikin nas, tana binciken abin da ke sa tausayi ya ƙare wa masu jinya in sun kwana biyu a aiki. Akwai wani da ya baro banki, yana son ya gano me ke sa shugaba ya yi wa na ƙasa tsawa a gaban jama'a, kowa kuma ya san a kansa aka yi. Na huɗun bai taɓa aikin kowa ba, yana nazarin masu aiki daga gida da kwamfuta, shi suke tsokana wai ya zo karantar gajiya bai taɓa gajiya ba. Ita kuma Hajiya Bokiti suke ce mata. Ba ta damu ba. Abin da take so ɗaya ne: ta rubuta, da hujja, abin da tsayuwa gaban inji ke yi wa zuciyar mutum, kuma ta rubuta shi a kan wannan kamfani da ya cinye bakin ubanta.

Ita so ta yi ta zauna da ma'aikata ta saurare su. Farfesa ya ce kwamitin makaranta lamba yake so, ba hira ba. Aka shirya takarda mai tambaya arba'in, kowace tambaya da lamba ɗaya zuwa biyar a gabanta. In ba ka yarda da maganar ba sam, ka zagaye ɗaya. In ka yarda ƙwarai, ka zagaye biyar. Mutum ɗari biyu ake bukata.

Neman izini kaɗai ya ci mata wata huɗu. Benci ne a ƙofar ofishin manaja, ta san duk inda ƙusa ta fito a jikinsa. Yau ya fita, gobe yana taro, jibi ya ce a kawo wasiƙa mai hatimi, da aka kawo ya ce ba wannan hatimin ba. Da ya ga dama ya karɓi takardar, ya soke tambaya shida da suka taɓa masu kula da ma'aikata, ya ba ta rabin awa a lokacin cin abinci. A lokacin zango ɗaya ya rage mata a makaranta.

Akwai wani aminin ubanta a kamfanin, mai gyaran inji, kowa Kawu Sifana yake ce masa don ba a raba aljihunsa da sifana. Shi ya yi mata jagora zuwa kantin cin abinci. Ta hau kan akwati ta yi bayani, cokula na ƙara, janareta na ruri a bayan bango, rabin mutanen ma ba su da kunnen kirki. Ta ce kowa ya tafi da tasa gida, wanda ba ya karatu 'ya'yansa su karanta masa, kada a rubuta suna, a jefa a kwali bayan kwana biyu. Kawu ya ce ta tafi ta huta, wannan aikinsa ne.

Takarda ɗari biyu ta raba, ɗari biyu suka dawo. Nas ɗin nan da ta raba ɗari da hamsin ta samu sittin da ƙyar, ta ce Hajiya Bokiti ta faɗa musu malamin da ya yi mata addu'a. Ta zauna ta buɗe ta farko. Ina jin daɗin aikina, biyar. Kullum ina tunanin barin aikin nan, biyar. Ina samun isasshen hutu, biyar. Ina komawa gida a gajiye har ba na son magana, biyar. Ta ce wannan bai karanta ba, ta ajiye gefe. Ta biyu haka. Ta goma haka. Ta daina zama, ta tsaya tana zare su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga a kan takardun. Ɗari da casa'in da uku, tun daga tambayar farko har ta ƙarshe, biyar. Sauran bakwai ba a taɓa su ba.

Farfesa ya juya su ya sake juyawa, ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce shi bai ce ita ta zauna ta cike su da hannunta ba, amma duk wanda ya gani abin da zai ce ke nan, kuma dole ya kai gaban kwamiti. Sati uku ya ba ta kafin kwamitin ya zauna. In aka ce ƙirƙira ta yi, kora ce, kuma ba wata makaranta da za ta sake karɓarta.

Ta samu Kawu a bayan ɗakin injuna yana wanke hannu da kananzir. Da ya hango ta sai ya washe baki.

"Yaya, 'yata, malaman naki sun gani? Ko ɗaya ban bari ta ɓace ba."

"Kawu, wa ya ce su zagaye biyar?"

"Ni mana. Na tara su na ce 'yar wane ce, tamu ce, jarrabawa take yi. Na tambayi ƙaramar 'yata wace lamba ce babba, ta ce biyar. To ɗaya za mu ba ki? A idon ubanki?"

Ta ce ba ita ake ba maki ba, su ake tambaya yadda suke ji. Ya ce ai ya sani, amma yadda suke ji ba abin kaiwa makaranta ba ne, kada malamai su ce daga wurin matsiyata ta fito. Har ya ba ta labarin wani mai taurin kai da ya zagaye biyu a wani wuri, aka sa shi ya goge a gaban kowa. Bakwai ɗin da ba su cike ba kuwa, ya ce ya san su, kuma ya daina gaishe su. Da a ce da mugunta ya yi, da ta san abin da za ta faɗa masa. Sai ta ce masa kawai ana shirin korarta. Ya tsaya da kananzir a hannu yana kallonta, ya ce korar me, bayan duk sun ba ta biyar.

Ta koma wurin manaja a sake ba ta rabin awa. Ya ce an yi an gama, shi ma ya ji labari ma'aikatansa duk sun ce suna jin daɗi. Sai ta buga sababbin takardu ta riƙa tsayawa a jikin katanga, waje da ƙofa, lokacin tashi. Mutane suka yi ta zuwa ba ta haƙuri. Kuma a nan, a tsaye, suka riƙa zuba mata abin da take nema shekara da shekaru. Wannan ya ce in ya kwanta yana jin inji a cikin haƙoransa. Waccan ta ce ɗanta ya ce mata Inna ba kya dariya sai ranar hutu. Wani ya ce an hana shi zuwa banɗaki har ya daina shan ruwa da safe. Amma da ta zaro takarda da biro, sai kowa ya tuna mota za ta tafi ta bar shi. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta riƙe mata hannu ta ce waccan don ita suka cike, wannan kuwa in suka cike ta da gaskiya ba su san hannun da za ta faɗa ba, su kuma gobe a nan za su wayi gari. Kwana goma sha biyu tana tsayuwar katanga, takarda ashirin da uku ta samu.

Ranar zaman kwamiti tana zaune a baranda, sai ga Kawu ya hawo bene cikin kayansa na zuwa suna, ya ɗauki hutun yini, abin da bai yi ba ko da aka yi masa aikin ido. Ba wanda ya kira shi. Sakatare ya ce ba a shiga, ya ce shi ne mai laifin, a ina aka taɓa shari'a ba mai laifi. Aka bar shi. Ya tsaya a gaban malamai biyar ya faɗi yadda ya tara mutane, da yadda ya bi layi-layi yana duba takardu, har da wanda aka sa ya goge. Wata malama ta sa gyale ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Shugaban kwamitin ya ce shekararsa talatin yana wannan aiki, bai taɓa ganin an lalata bincike da ƙauna ba sai yau.

Suka wanke ta daga zargi. Amma ashirin da uku ba ɗari biyu ba ne, lokaci kuma ya ƙare. Suka ƙara mata shekara guda, da sharaɗi: ta sake daga farko, a wani wurin da ba wanda ya san ta, ba wanda ya san ubanta. Ta ce ai saboda wannan wurin ta shigo karatun. Farfesa ya ce ya sani, kuma shi ya sa ba zai yiwu ba. Ya ce akwai kamfanin kwali a ɗaya gefen gari, ta fara kai musu wasiƙa. Sauran ukun a wannan zangon suka gama, har da wanda bai taɓa gajiya ba.

Suka sauko tare da Kawu har bakin titi. Yana ta gyara hula. Can ya tambaye ta ko ta ci. Ta ce ba a kore ta ba dai, amma sai baɗi, kuma a kamfanin kwali. Ya ɗan yi lissafi, sai fuskarsa ta saki.

"Kamfanin kwali? Ai mijin ƙanwar matata ne mai gyaran injinsu. Bari gobe in leƙa in yi musu magana."

"Kawu, don girman Allah kada ka je."

"Gaisuwa kawai zan yi."

"Ko gaisuwar. In ka gan ni a ƙofarsu, ka wuce kamar ba ka san ni ba."

Ya dube ta, ya dubi titi, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin karatun da ake hana mutum taimakon nasa ba. Motar unguwarsu ta tsaya, ya shiga yana ta mita. Ita ta tsallaka ɗaya hannun, ta tsaya jiran wadda za ta kai ta shagon buga wasiƙa.