Kofi Biyu a Shagon Mai Agogo

Yayana gyaran agogo yake yi, a wani shago mai faɗin taku huɗu, ni na auna. Shekara tara ke nan yana shan maganin ƙanjamau, ƙwaya ɗaya ƙarfe bakwai na safe, bai taɓa tsallakewa ba. Agogo talatin da biyu ke tuna masa, ko da yake shida ne kawai masu gaskiya.

Bara idanunsa suka yi rawaya, na ja shi asibiti. Likita ta duba jini, ta ce tunjere ne ya taɓa masa hanta, allura uku za a yi, ɗaya duk mako. "Amma hantar nan ta gaji," in ji ta. "Kada ka sha komai sai abin da na ba ka."

Unguwa kuwa ta yanke cewa ciwon shawara ne. Duk mai dubiya da kwalbar jiƙonsa, kuma ba ya tashi sai ya ga an kurɓa. Yaya bai iya cewa a'a ba. Ran nan na leƙa ƙarƙashin teburinsa, na ƙirga kwalabe goma sha bakwai. Gwajin jini na biyu ya fi na farko muni.

Na ce, "Yaya, kunya za ta kai ka kabari."

Ya ce, "To Goggo ta tako da sandarta, in ce mata me?"

Washegari na tarar da kofi biyu a kan tebur. Da Goggo ta iso da sabon haɗi, ya cika su taf.

"Bismillah, Goggo. Ke ce babba, fara."

Ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Ɗan nan, ni na ce maka ba ni da lafiya?" Ta tafi da kwalbarta.

Maƙwabcinsa tela, mai cika baki, da ya kawo nasa jiƙon, shi ya shanye kofinsa tas. Yaya ya ɗaga agogo ya ce, "Bari in ga yadda zai karɓe ka." Minti goma sha huɗu, tela ya fita yana riƙe da ciki. Sau biyar ya rufe shago ranar.

Daga nan masu dubiya suka koma gaisuwa zalla.

Wata guda bayan allurar ƙarshe, likita ta daɗe tana kallon takardar gwaji. "Hanta ta fara dawowa. Me ka canja?"

Yaya ya gyara tabarau. "Kofi ɗaya na ƙara, likita."