Autar Direba da Kujerar Kansila

Shagona na ɗinki yana kallon ƙofar filin da Auta take niƙa roba, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Ita ce ƙarama cikin 'ya'ya bakwai na wani tsohon direban bas, shi ya sa har yau da ta haura talatin ba mai kiranta da wani suna sai Autar Direba.

Ta gama karatu tana da shekara ashirin da uku, ta yi shekara guda tana yawo da takardu ofis-ofis har takalminta ya cinye. Ran da ta gaji sai ta kama hayar filin nan na bayan tasha, wanda ba komai a cikinsa sai ciyawa da gawar wata mota. Ta fara sayen robobin ruwa da na lemo da aka yar. Yayyenta suka yi ta tsokanarta, wai mai difloma ta koma tsince-tsince. Ta sayo tsohon inji mai ƙara kamar zai fasa kunne, tana wanke roba, ta ware fara daban mai launi daban, ta niƙe, ta ɗura a buhu ta kai wa masu yin bokiti da takalma. Kafin shekara huɗu, matan da ke kawo mata kaya sun fi arba'in, yawancinsu zawarawa da tsofaffi, kuma babu lungun da ba su sani ba a unguwannin nan.

Ana haka wani ɗan unguwa ya fito takarar kansila. Baban Auta ne ya riƙa kai shi makaranta kyauta lokacin yana ƙarami, har Baba yake ce masa. Ya zo filin da ƙafarsa, ya hau kan buhunan roba, ya rantse in ya ci aikinsa na farko shi ne gyaran babbar kwatar da ta bi ta bayan tasha, wadda duk damina take cika ta shiga gidajen mutane. Auta ta yarda da shi. Ta kashe injinta kwana goma, ita da matanta suka bi gida-gida suna nema masa ƙuri'a. Ya ci.

Damina ɗaya ta wuce ba a ɗaga ko cebur ba. A ta biyu ruwa ya shiga filin har gwiwa, ya lalata injin, ya rushe ɗakin wata tsohuwa cikin masu kawo roba. Da Kansila ya kira taro a harabar firamare, Auta ta miƙe ta karɓi lasifika.

"Ranka ya daɗe, maganar kwatar nan fa? Kai da bakinka ka ce ita ce ta farko."

Ya yi murmushi, ya waiwayi 'yan rakiyarsa. "Ku ji 'yar bola. Ba tarkacenki ne ya toshe ta ba?"

Aka kwashe da dariya. Bayan kwana biyar ma'aikata suka zo suka garƙame filin da kwaɗo, suka shafa jan fenti a ƙofa, wai ba ta da izini.

Baban nata bai gaya wa kowa ba, ya sa babbar rigarsa ya tafi ofishin Kansila ba da haƙuri. Aka ajiye shi a benci tun safe har la'asar. Da aka shigar da shi, ofis cike da baƙi, Kansila ya ce in da gaske haƙuri ya zo bayarwa, a gani a ƙasa. Tsoho mai shekara saba'in da ciwon gwiwa ya dafa tebur ya durƙusa. Sakataren Kansila ya ɗauka a waya, kafin magariba hoton bidiyon ya zagaye gari.

A shagona ta gani. Ta kalla sau uku, ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini wayar ta ce, "Kawu, ka zama shaida. Wallahi sai na raba shi da kujerar nan, in kuma raba shi da unguwar nan."

Washegari aka buɗe mata filin. Ta gyara injinta ta ci gaba da aiki, ba zagi ba habaici, har wasu suka ce ta yi laushi. Ashe lissafin mutane take yi. Kowace mace da ke kawo mata roba ta ba ta gidaje talatin: ta san wa ke da katin zaɓe, wa ba shi da shi, wa ruwa ya taɓa yi wa ɓarna. Wanda ba shi da kati, motar kwasar roba ce ke kai shi wurin rajista. Kullum da safe kuma sai ta ɗauki hoton kwatar ta yaɗa a waya, ta rubuta kwana nawa ke nan da alkawari. Matasa suka fara taruwa a filin, har abin ya zama ƙungiya.

Ta fara ramuwa da Sakataren nan. Yana da ɗan kamfanin ruwan leda, matan suka bi masu shaguna ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sake karɓar ruwansa. Cikin wata biyar ya sayar da injinsa. Matarsa ta zo filin da goyo tana roƙo. Auta ta ba ta kujera da ruwan sanyi, ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Ki gaida shi. Ki ce har yanzu hannunsa ba ya rawa in yana ɗaukar hoto?" Ni kaina ranar sai da na ji ba daɗi.

Da zaɓe ya matso, Kansila ya fito neman shugabancin ƙaramar hukuma. Ya turo wa Auta dattawa neman sulhu, ta sallame su da ladabi. Ya aiko mata da tayin muƙamin shugabar mata ta jam'iyya, ta mayar da takardar ko buɗewa ba ta yi ba. Daga ƙarshe babanta ya kira ta ɗakinsa.

"Auta, ni na yafe. Gwiwar nan tawa ce ko taki?"

"Taka ce, Baba. Amma kai ba ka ga yadda ka tashi ba. Ni na gani."

Tsoho ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Ba ta fasa gaishe shi ba, ba ta kuma fasa abin da ta sa gaba ba.

Ranar zaɓe ta ajiye mata biyu-biyu a kowace rumfa, da kujerunsu da lemarsu, ba su motsa ba sai da aka ƙirga aka manna sakamako a bango. Kansila ya faɗi ƙasa warwas, har a akwatin ƙofar gidansu. Kowa ya ɗauka shi ke nan. Sai ta ɗauki hotunan kwatar sama da ɗari shida ta kai gaban kwamitin bincike, domin a takarda an rubuta cewa an gama aikin tuni, da sa hannunsa. Ya kwana goma sha biyu a tsare, jam'iyya ta dakatar da shi, ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari can wajen dangin uwarsa.

Wanda ya ci ya yi mata tayin muƙami, ta ce ita niƙa ta iya. Yanzu injinanta uku, da ma'aikata goma sha takwas, 'yan takara kuma sai sun yi layi a bencin shagona kafin su gan ta. Ba ta yi aure ba tukuna. Yayyenta na cewa samari tsoro suke ji kar su yi alkawari su manta.

Watan jiya ta kawo mini ɗinki, na ce, "To Auta, zuciya ta yi sanyi?"

Ta ce ta ji labari mutumin yana ta kai gaisuwa gidajen manya a garin da ya koma, yana so a tsayar da shi a can.

"To ina ruwanki? Ai ya bar miki unguwa."

"Kawu, garin nan akwai roba da yawa," in ji ta. "Na kama fili kusa da kasuwarsu. Ranar Asabar za a kai inji."